Yadda Ninki Ya Sauya Baki a Wasan Birij

A shekarar 1886 aka buga wata 'yar ƙasida a Landan mai bayanin dokokin wani wasan karta da ake kira Biritch, wanda daga gare shi birij na yau ya samo tushe. Mutum huɗu ke yin sa, biyu-biyu, kowa na fuskantar abokinsa. Kati 52 ake rabawa, kowa ya sami 13, daga gidaje huɗu: mai alamar ganye, mai daimon, mai zuciya da mai kan mashi. Wanda ya raba shi ke zaɓar gidan da zai mulki sauran a wannan hannu, ko ya ce a yi wasan ba gida mai mulki, ko ya bar wa abokinsa zaɓin. Abokan hamayya ba su da ta cewa a kan zaɓin. Abu ɗaya doka ta bar musu: idan ɗayansu ya ga zaɓin ba zai kai labari ba, sai ya ninka, makin kowane ci a wannan hannu ya zama ninki biyu. Mai rabo in ya yarda da katinsa ya ninka ninkin, su ma su sake ninkawa, haka za a yi ta tafiya har sai wani ya ji tsoro. Mai karatun da in an ce karta caca ke faɗo masa a rai bai yi kuskure ba game da wancan zamani, domin a kan kuɗi ake wasan a kulob-kulob na masu hali, kuma hannu ɗaya na iya cinye abin da mutum ya tara a daren gaba ɗaya. Shi ya sa daga baya aka yi wa abin iyaka.

A lokacin ma'anar ninki ɗaya ce, kuma abokin hamayya ake faɗa wa ita: ba za ka iya ba, ga kuɗina na sa. Amma tun ba a je ko'ina ba masu wasa suka lura cewa abokin wasa ma yana da kunne. Idan aka zaɓi wasa ba gida mai mulki, sai abokin wanda zai fara jefa kati ya ninka, Amurkawa da yawa suka ɗauki wannan a matsayin umarni cewa a fara da zuciya. A Ingila kuwa an fi fahimtar sa da cewa ka fara da gidan da katinka ya fi ƙaranci, don mai yiwuwa a nan nawa ya taru.

Wajen 1904 aka shigo da gwanjo cikin wasan, kuma kafin 1910 ya mamaye kulob-kulob na Landan. Yanzu kowa na da baki. Ci 13 ne a kowane hannu, shida na farko ba a ƙirga su, saboda haka wanda ya taya zuciya ɗaya alkawari ya ɗauka cewa shi da abokinsa za su yi ci bakwai idan zuciya ce ke mulki. Kowane tayi dole ya ɗara na baya, ko a lamba ko a darajar gida, kuma tsarin da ya zauna daga baya shi ne ganye a ƙasa, sai daimon, sai zuciya, sai mashi, sai wasa ba gida a sama. Mataki bakwai sau biyar, tayi 35 ke nan. A ƙara da wucewa, da ninki, da ninkin ninki sau ɗaya tak, ya zama 38. Iyakar harshen da doka ta yarda a yi magana da shi ke nan, alhali hannun da mutum zai iya ɗauka ya haura iri biliyan 635. Harshe mai ƙarancin kalmomi haka ba ya barin kalma ta zauna ba aikin yi.

Ninki kuma yana da wani hali da ba tayin da ke da shi. Kowane tayi yana cin wuri, domin da zarar ka taya mashi biyu, duk abin da ke ƙasa da shi ya rufu ga kowa. Ninki ba ya ɗaga gwanjon ko taki ɗaya. Tayin ƙarshe na abokin hamayya kaɗai ake ninkawa, kuma da wani ya sake tayi, ninkin ya goge kamar ba a yi ba. Haɗarinsa guda ne: idan mutum uku suka wuce a jere, ya zauna daram, sai a buga hannun a ninke.

Tsakanin 1912 da 1913 mutum biyu a Amurka, ba tare da sun haɗa baki ba, suka gano abin da za a yi da wannan hali: Manjo Charles Patton a New York da Bryant McCampbell a St. Louis. Tunaninsu mai sauƙi ne. Na damanka ya buɗe da zuciya ɗaya. Sau nawa za ka riƙe hannun da zai kayar da alkawarin ci bakwai, a gidan da shi mai tayin ya zaɓa da kansa? Da wuya. In ma ka riƙe, ninkinka gargaɗi ne kawai, sai su tsere zuwa wani gida. Amma ga hannun da ke zuwa kullum: mashi huɗu, zuciya ɗaya, daimon huɗu, ganye huɗu, da manyan katin da suka isa buɗe gwanjo. Ba ka da gida mai tsawon da za ka taya kai tsaye, kuma duk wanda ka zaɓa cikin ukun kana iya tarar da abokinka ba shi da komai a ciki. Sai suka ce a irin wannan wuri ninki ya zama kira ga aboki: ina da ƙarfi, ba ni da gidansu, zaɓi wanda ka fi tsawo cikin sauran uku. Abokin dole ya amsa ko da hannunsa wayam ne, domin in ya wuce ya bar abokan hamayya da alkawari mai sauƙi a ninke. Ba ya wucewa sai in shi ne ke riƙe da zuciya mai tsawo da ƙarfi, a nan sai kiran ya rikiɗe ya koma tara.

Wannan ninkin kira bai samu karɓuwa nan take ba, musamman a Ingila. Tsofaffin 'yan kulob suna ganin mutum ya ce ya ninka alhali ba ninkin yake nufi ba, ai haɗa baki ne da aka sa wa riga. Ƙorafin nasu ba shirme ba ne. Idan ni da abokina mun san wata ma'ana da ku ba ku sani ba, mun cuce ku. Maganin da aka dace da shi a hankali, wanda har yau shi ne ginshiƙin dokar wasan, shi ne ku ƙulla duk yarjejeniyar da kuka ga dama, amma dole abokan hamayya su san ta kamar yadda kuka san ta.

A ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba na 1925, a cikin jirgin ruwa mai suna Finland da ya biyo ta mashigin Panama, Harold Vanderbilt, ɗan gidan attajiran jiragen ƙasa na Amurka, ya gwada sabon lissafin maki tare da abokansa. Daga nan birij na alkawari ya fito. Cin da ka taya kaɗai ake ƙirga maka wajen kammala gem, wato adadin makin da ke ba ɓangare nasarar zagaye, an sa babbar lada ga wanda ya taya ci 12 ko duka 13 ya kuma cika, wato ƙaramin silam da babban silam, sannan an shigo da batun shiga haɗari: ɓangaren da ya riga ya ci gem ɗaya ladarsa ta fi yawa, tararsa ma ta fi zafi. Sabon lissafin ya tilasta wa mutane hawa sama da tayi, kuma mai hawa sama shi ake jira da ninki. A lissafin yau, wanda ya gaza da ci uku ba ninki, ba ya cikin haɗari, maki 150 zai biya. A ninke 500 ne. In yana cikin haɗari, 800.

Ba a daɗe ba wasan ya zama ruwan dare a gidajen Amurka, har ya kai ga zubar da jini. A daren 29 ga Satumba 1929, a Kansas City, John Bennett da matarsa Myrtle suna wasa da maƙwabtansu. Suka taya mashi huɗu, John ya gaza cika alkawarin. Cacar baki ta kaure, ya mare ta, ta ɗauko bindiga ta harbe shi har lahira. A 1931 kotu ta sallame ta. Ely Culbertson, wanda ya kafa mujallar The Bridge World a 1929 kuma ya fi kowa iya tallar wasan da tallar kansa, bai bar damar ta wuce ba, ya yi sharhi a kan yadda da John zai cika alkawarin, duk da cewa hannun da aka yi ta bugawa a jaridu sake ginawa aka yi bayan an riga an watsar da katin.

A wannan shekarar ta 1929 ne Theodore Lightner, abokin wasan Culbertson, ya kawo tunanin da a ganina ya fi duk na wannan tarihi tsabta, domin lissafi ne tsagwaronsa. Abokan hamayya sun taya mashi shida da ƙafarsu, ba wanda ya tura su. Gwanaye ba sa taya silam su gaza da ci uku, in za su gaza da ɗaya ne. To me ninki zai ƙara maka? A lissafin yau, in ba sa cikin haɗari, maki 50 zai koma 100, ribar 50 ke nan. In kuwa suka cika, 980 ya koma 1210, asarar 230, ban da cewa ninkin ya tona wa mai alkawari inda manyan katin suke, kuma yana iya ninka ninkin ya kwashi 1620. Ciniki ne na asara. Amma akwai lokacin da silam ke tsayawa ko faɗuwa a kan katin farko da aka jefa. A ce ba ka da daimon ko ɗaya, kana kuma da as, katin da ya fi kowanne girma, a wani gida. In abokinka ya fara da daimon, ka yanke da ƙaramin mashi, as ɗinka ya ci na biyu, silam ya rushe. In ya fara da wani abu, mai alkawari ya zare maka mashinka, magana ta ƙare. Lightner ya ce a bar ninkin silam ga wannan aiki: idan wanda ba shi ne zai fara jefa kati ba ya ninka, yana cewa abokinsa kada ya fara da abin da aka saba, kada ya fara da gidan da suka taya ko gida mai mulki, ya nemi wani daban, sau da yawa gidan da shi ya fi tsawo a ciki ko wanda abokin mai alkawari ya fara taya. An bar ribar 50 don a kama ta sama da 1000.

Shekara guda bayan haka gardamar Ingila da Amurka ta je teburi. Laftanar Kanar Walter Buller, mai kare tayi na kai tsaye ba ƙulle-ƙulle, ya ce 'yan wasan Ingila huɗu za su doke duk wasu Amurkawa huɗu. Culbertson ya amsa, ya zo Landan a Satumba 1930 da matarsa Josephine, da Lightner, da Waldemar von Zedtwitz. Aka buga hannu 200, Amurkawa suka yi nasara da tazarar maki 4,845. Nasarar ba ta ninki kaɗai ba ce, amma bayanta an rage jin masu cewa yarjejeniyar tayi aikin marasa kunya ne.

Duk da haka, har bayan yaƙin duniya na biyu akasarin ninki na tara ne. Ƙa'idar da ake koya wa masu koyo ita ce: idan abokinka bai riga ya yi tayi ba, kuma matakin na ƙasa ne, ninkinka kira ne, in ya riga ya yi tayi, tara ce. S. J. Simon, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tsarin tayi na Acol a Landan, ya ware wuri a littafinsa Why You Lose at Bridge na 1945 yana koyar da cewa tara mai tsoka a ƙananan matakai take. Abokinka ya buɗe da mashi ɗaya, na damanka ya shigo da ganye biyu, kai kuma ba ka da mashi sai ɗaya, kana da ganye masu kyau da manyan kati a gefe. Wannan shi ne lokacin ninki, domin hannuwanku ba su dace da juna ba, nasu ma haka, kuma mai shigowar ya faɗa rami.

Wannan kujerar da Simon ya yaba ita ce Alvin Roth da Tobias Stone suka ƙwace a 1957. Damuwarsu wani hannu ne da ya fi na Simon yawan zuwa. Abokinka ya buɗe da ganye ɗaya, na damanka ya shigo da mashi ɗaya. Kana da zuciya huɗu da ƙarfi matsakaici. Da bai shigo ba, zuciya ɗaya za ka ce. Yanzu sai dai zuciya biyu, wadda ke bukatar kati biyar da ƙarfin da ba ka da shi. Sai ka yi shiru, zuciyar ta ɓace, ko da abokinka ma huɗu gare shi. Roth da Stone suka ce ninki a nan ya zama yana nuna zuciya huɗun. Suka raɗa masa suna Sputnik, sunan tauraron ɗan'adam da Tarayyar Sobiyat ta harba a ranar 4 ga Oktoba na shekarar, don suna ganin sabon zamani ya kama. Sun yi cika baki, amma gaskiya suka faɗa.

To ina mai hannun Simon zai sa kansa? Dole ya wuce, ya yi kwanton ɓauna. Idan gwanjon ya zagayo ga mai buɗewa, kuma ya ga shi ba shi da yawan katin gidan da aka shigo da shi, sai ya zargi cewa suna wajen abokinsa, ya ninka a matsayin kira. Abokin ya wuce, tarkon ya rufe. Tara ba ta mutu ba, hanyarta ce ta sauya: wanda ke da katin kayar da su shiru yake yi, wanda ba shi da su shi ke ninkawa. Wanda ya taso a kan dokar 1886 da zai ga wannan sai ya ce an juya wasan a bai-bai.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka sami ninkin amsa, wanda abokin mai ninkin kira ke yi idan abokan hamayya sun ɗaga gidansu, yana cewa ni ma ina da gida biyu, kai zaɓa. A 1974 Eric Rodwell, yana matashin da bai kai shekara ashirin ba, ya ƙirƙiro ninkin goyon baya. Ka buɗe da daimon ɗaya, abokinka ya ce zuciya ɗaya, aka shigo da ganye biyu. In ka ce zuciya biyu, huɗu gare ka, in ka ninka, uku ne cif. Bambancin kati ɗaya kamar ba komai ba ne, amma shi ke raba kati bakwai da takwas a tsakanin abokai, kuma tun a 1969 Bafaranshe Jean-René Vernes ya nuna a The Bridge World cewa yawan katin gida mai mulki shi ne ma'aunin inda ya kamata kowane ɓangare ya tsaya a gwanjon takara. Larry Cohen ya yaɗa wannan tunani da littafinsa na 1992.

Yawan ma'anoni ya zo da cutarsa. A da da baki ake tayi, kuma baki ba ya rasa ƙarin bayani. Akwai ninkin da ake yi da tsawa, har teburi ya girgiza, wanda ba abokin da zai kuskura ya cire shi. Akwai na sanyin murya bayan dogon tunani, mai cewa ban tabbata ba, in ka ga dama ka fitar da mu. Duka biyun haramun ne a doka, duka biyun kuma ana yin su. A 1962 aka ƙirƙiro akwatin tayi a Suwidin, aka yi amfani da shi a gasar duniya ta Stockholm a 1970. Kowane tayi ya zama kati da ake ajiyewa a teburi: kore na wucewa, ja mai alamar X na ninki, shuɗi mai XX na ninkin ninki. A 1975, a gasar duniya ta Bermuda Bowl, aka gitta allo a tsakiyar teburi don abokai kada su ga fuskar juna. An kashe murya, an rufe fuska, amma jinkiri na nan. Har yau alƙalan gasa na fama da ƙarar wanda ya daɗe yana tunani kafin ya ajiye jan kati, abokinsa kuma ya cire ninkin da hannun da bai kamata ba. Doka ta ce abin da ka fahimta daga jinkirin abokinka ba naka ba ne, kuma in akwai zaɓi biyu masu ma'ana, ba ka da ikon ɗaukar wanda jinkirin ya nuna maka.

A gasa ba kuɗi ake sawa ba. Kati iri ɗaya ake bugawa a tebura daban-daban, sannan a gwada sakamako, don haka 'yar tazara tana da daraja. Masu wasa sun haddace lambobin da ke hana su barci. Zuciya biyu in an cika ba ninki maki 110 ne, in an ninka aka cika ya zama gem, 470 ko 670. Gazawa da ci ɗaya a ninke ga wanda ke cikin haɗari 200 ne, wanda ya ɗara duk ƙaramin alkawarin da ake samu a sauran tebura. Tsakanin 200 da 670 ɗin nan ake gane gwani.

Akwai kuma wurin da tsohon ninkin tara ya rasa haƙora. A da, wanda ba ya cikin haɗari in aka ninka shi, 100 yake biya a gazawar farko, sannan 200 a kowace ta gaba, komai yawansu. A wasan ƙarshe na Bermuda Bowl na 1981, a Port Chester ta jihar New York, Amurka ta haɗu da Pakistan, ƙungiyar da Zia Mahmood ke ciki, wadda ba wanda ya zaci za ta kai nan. A wani hannu 'yan Pakistan biyu, suna cikin haɗari, suka taya zuciya bakwai, alkawarin da zai ba su 2210. Jeff Meckstroth na Amurka, abokin wasan Rodwell, ba ya cikin haɗari, hannunsa kuma ba shi da abin a zo a gani sai mashi biyar. Ya taya mashi bakwai. Aka ninka shi, ya gaza da ci tara, ya biya 1700, wato ya rage wa ƙungiyarsa asarar 510. Bai karya wata doka ba, lissafi ya yi, kuma Amurka ce ta ɗauki kofin a ƙarshe. Amma masu tsara dokoki ba su ji daɗin ganin an ƙwace babban silam da hannun banza ba. A dokokin gasa na 1987 aka ɗaga tarar: daga gazawa ta huɗu zuwa sama kowace ta koma 300, jerin ya tashi daga 100, 300, 500, 700 ya zama 100, 300, 500, 800, 1100. A sabon lissafin, mashi bakwai ɗin Meckstroth da 2300 zai biya, ya ɗara silam ɗin da ya hana da maki 90.